Gungun Kanya a Akwatin Gilashi

Gardamar da Sallau ya sha kaye mafi muni a cikinta, da matarsa Jummai ya yi ta, kuma a gabana aka yi, shi ya sa har gobe ba shi da bakin musu. Ni ce Asibi, taubashiyarsa. Uwata da ubansa nono ɗaya suka sha, saboda haka in na tona masa asiri gadona na ci, ba mai kai ni ƙara.

Ranar da motar Kaduna ta sauke wani akwatin gilashi a ƙofar gidansa, unguwa ta taru kamar an kawo lefe. Akwati ne na ajiye kifi da ransa, don kallo kawai, ba don miya ba. Tsawonsa kamu biyu da rabi, ga 'yar na'ura mai tace ruwa tana hura kumfa, ga faifan sola da zai ba ta wuta. Sallau ya zagaya shi sau uku, hannu a baya, kamar mai taya sa a kara. Sannan ya yanke hukunci: a bakin zaure za a girke shi, inda hantsi ke sauka, don mai wucewa ya gani.

Jummai ta ce, "Malam, randa ma in ta kwana biyu a rana gansakuka take yi."

"Randa kika gani nan? Wanga abu daga Kaduna ya hito."

"Ruwan da za a zuba ciki fa? Shi ma daga Kadunan?"

"Ke Jummai! Ni jikan Sarkin Ruwa, shekara hamsin bisa kwalekwale, yau mai ɗibar ruwa da bokiti za ta koya min halin ruwa?"

"Ni dai na faɗi."

"Kin faɗi, an ji. Je ki duba tukunyarki."

Kwana tara aka yi lafiya. A na goma ruwa ya koma kore shar, ka rantse miyar kuka aka kaɗa ta gidan biki. Kifin ciki kuwa sai dai ka ji labarinsu. Na ɗauki malmalar tuwo ɗaya a kwano, na je har zauren, na durƙusa na gaishe shi da ladabi, na ce na ji an yi miyar sadaka, a sam mini ludayi biyu. Da yamma ya kira ƙarti huɗu, aka rage ruwan, aka ɗauki akwatin cak aka kai ɗakinsa, lungun da rana ba ta leƙawa. Jummai ta fito zaure. Tsintsiya kawai ta ɗauka ta share gurbin, ta share, ta sake sharewa, har sai da ya ce, "To ya isa, ƙasar za ki huda?"

Wanda bai san shi ba zai yi mamaki: me ya haɗa kifin kallo da tsohon masuncin da ya sha kokawa da giwan ruwa mai nauyin ɗan maraƙi? Sai an koma baya.

Mu ba a garin nan aka yanke mana cibiya ba. A Gungun Kanya aka haife mu, wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, kudu da Yelwa. Kada ka wahalar da kanka wajen nemansa, ba za ka same shi ba. Gidaje ne kamar arba'in, da masallaci, da 'yar majami'a ta zana, da gindin wani dutse inda tsofaffi ke kai farin zakara. Kowa da nasa, ba mai taka na wani. Da rani mu dasa albasa a bakin gaɓa, mu yi ta ban ruwa da ƙwarya har baya ya ƙage. In ruwa ya kawo, maza su shiga su. A tsakiyar gari kuwa ga kanyar da ta ba shi suna, wadda yara uku ba sa rungume ta.

Shekarar da aka tare ruwa a Kainji, 1968, muna 'yan shekara goma sha uku. Ma'aikata suka zo da fenti suka rubuta lamba a jikin kowane ɗaki, suka ce mu shirya. Tsofaffinmu suka yi ta dariya. Kawu Gambo, ƙanin uban Sallau, ya ce tun kaka da kakanni ruwa bai taɓa jiƙa gindin kanya ba, ba kuma takardar gwamnati za ta koya masa hawan bishiya ba. Ruwa dai ya hau. Aka kwashe mu zuwa gidajen siminti a kan tudu, jere reras kamar haƙoran mataji, ba inuwa, ba gaɓa.

Innar Sallau ta rasu damina ɗaya kafin tashin. Kabarinta na bayan ɗakinta, inda inuwar kanya ke kaiwa da la'asar. Kabari ba ya shiga kwalekwale. Abin da yaron ya iya ɗauka ɗan dutsen niƙanta ne, wanda hannunta ya cinye har ya yi santsi, don uwar dutsen ta fi ƙarfinsa. Ni na gan shi yana cusa shi cikin riga. Na ce zan faɗa, ya toshe mini baki da kanya biyar. Ita ce cin hancina na farko a duniya, kuma ban taɓa karɓar mai zaƙinta ba.

Ya girma, ya yi aure, ya zama masunci irin na ubansa, a tafkin da ya haɗiye garinsu. Ba laifi, ya iya ruwa. Amma yana da wata ɗabi'a da ta sa abokan kamun kifinsa suke kiransa Mai-leƙe. Duk ranar da ya fita, ko ina kifi yake, sai ya karkata ya bi ta kan Gungun Kanya. Yana da alamarsa: in wata doguwar giginya ta gefen Ngaski ta daidaita da tsagin tsauni, to ya iso. Sai ya ɗora filafili a cinya, ya sunkuya ya tokare haɓa da bakin jirgi, ya yi ta kallon ƙasa. Ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya wuce. Wurin ba kifin kirki, sai kututture masu yaga koma. Ya yi asarar raga a nan fiye da yadda na yi asarar haƙora.

Ruwanmu kala biyu ne a shekara, kowane ɗan bakin tafki ya sani. Da damina farin ruwa ke zuwa, mai laka, kamar an dama koko. Can wajen sanyi sai baƙin ruwa ya iso daga nesa, ya kwanta, ya ɗan washe. To a baƙin ruwa Sallau kan rantse yana hango reshen kanya, wani lokaci har da bakin ƙofar Inna. Na bi shi sau ɗaya don in ƙaryata shi. Na leƙa, na leƙa, ban ga komai ba sai fuskata, ita ma ba abin a tsallaka ruwa a kalla ba ce.

Shekara hamsin da ɗoriya yana wannan leƙe. Sai gwiwa ta ce ta gaji. Wata rana ya miƙe zai ja koma, ƙafa ta ƙi, ya faɗa ruwa, Allah ya sa da mutane kusa. 'Ya'yansa suka taru suka ɓoye filafilin, suka ba da jirgin haya. Daga nan ya koma zaman zaure, fuska wajen tafki, ba ya cin tuwo sai ya taɓa. Shekara biyu mutum yana zubewa kamar gishiri a damina. Na zage shi, na yi masa ba'a iri-iri, ko ramawa ya daina. Ranar da na ce masa kansa ya koma kamar busasshen kifin kurungu ya ce "haka ne", ranar na koma gida na yi kuka.

Autarsa Yasira, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ita ta aiko da akwatin. Sunan Innarsa ta ci, don haka ba ya kiran sunanta, Uwata yake ce mata. Ta ce tunda an hana Baba zuwa ruwa, ruwa ya zo wurin Baba. Nufinta a saka jajayen kifin nan na ado masu jela kamar gyale. Sallau ya ce ba ya ajiye kifin da bai san ubansa ba.

Abin da ya yi, bayan an kai akwatin ɗaki, ba wanda ya zata. Ya sa aka ɗebo masa yashin bakin tafki, ya wanke, ya shimfiɗa. Ya tara shi ya yi tudu a tsakiya. Ya jera duwatsu: wannan gidan Sarkin Ruwa, wannan masallaci, wannan gidan su Asibi, ƙarami, wai don mu ba mu da asali. Ya samo wata tsohuwar saiwa da ruwa ya cinye ya dasa a tsakiya, kanya ke nan. Sai ya buɗe ƙasan adakarsa ya fito da ɗan dutsen niƙan nan, wanda ni kaina na ɗauka ya ɓace tuntuni, ya aje shi gefen saiwar. Ɗakin Inna.

Kifin kuwa 'yan ƙanana ne da tun farko ya sa aka kamo masa da rai, karfasa shida da kurungu uku, kowanne ya raɗa masa sunan wani mamaci na Gungu. Akwai wani kurungu mai iyo a rigingine, ciki sama. Sallau ya ce, "Kawu Gambo ke nan. Haka shika kwana cikin jirgi, ana su shina minshari." Ranar ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari.

To daga nan wata sabuwa ta ɓullo. Labari ya bazu cewa Gungun Kanya ya fito a ɗakin Sallau. Mu da muka rage ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, amma mun watsu, wasu Wara, wasu Shanga, wasu cikin Yelwa. Ranar kasuwa sai ga tsofaffi da sanduna suna sallama. Christiana, 'yar gidan da ke bayan majami'a, ta zo daga Wara a kan babur, ta durƙusa gaban gilashi ta ce a nuna mata babanta. Sallau ya nuna wani karfasa mai tabo a gefe. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce wallahi tafiyarsa ce. Sai ta kwance bakin zani, ta fito da ƙosai, ta marmasa masa.

Mu mutanen Gungu ba ma zuwa gaida babba hannu rabbana, ba a kuwa tashi a bar shi bai taɓa abin da aka kawo ba. Wannan ya zuba ƙuli-ƙuli, wancan gutsuren waina, wata ta zo da fura. Sallau kansa safe, rana da yamma yake ba su, don a cewarsa ba a gidansa za a ce Kawu Gambo ya kwana da yunwa ba. Kifi tara, abincin mutum goma.

Ba a yi mako biyu ba ruwa ya yi fari, kamar ruwan wankin shinkafa. Saiwar ta dushe. Ɗan dutsen Inna ya ɓace gaba ɗaya.

Na taɓa ganin Sallau a ruwa iska ta taso masa bai girgiza ba. Amma ranar ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "Asibi, garin ya sake nutsewa."

Sai ya shiga gyara, irin gyaran gangar Auzinawa. Kullum da safe ya kwashe kifin a roba, ya zubar da ruwan kakaf, ya wanke yashi, ya goge duwatsu, ya cire soson cikin na'urar ya cuɗa shi da sabulu kamar wankin jego, ya cika da sabon ruwan rijiya. Ya yi kyau zuwa azahar. Washegari ya fi jiya fari. Jummai ta ga mijinta zai sake zubewa, ta yi abin da kowace macen bakin ruwa za ta yi: ta jefa ƙullin alif a ciki, yadda muke yi wa ruwan sha in mun ɗebo shi da laka. Ruwa ya washe kuwa cikin awa guda. Kafin la'asar karfasa biyu sun juya ciki sama, kuma su ba iyon Kawu Gambo suke yi ba. Ɗaya baban Christiana ne. Na ce a ba ni in yi musu banda, kada a yi asara biyu. Ba wanda ya yi dariya. Kwana biyu kuma farin ya dawo.

Dole aka kira Gideon. Maƙwabcinsu ne, ya girmi 'ya'yan Sallau amma bai kai mu ba. Ya yi shekaru yana aiki da masu binciken kifi a Sabon Bussa kafin ya yi ritaya, shi ya sa Sallau ke kiransa Malamin Kifi, ba don yabo ba. Ya shigo, ya shinshina ruwan, ya tambayi me ake ba su. Aka fara lissafa masa. Da aka zo kan fura ya zauna.

Ya ce a ba shi kofin gilashi da farar takarda. Ya ɗebi ruwan ya aje kofin a kan takardar, wajen haske.

"Baba Sallau, ruwa ba ya tsami banza. Cutarsa uku ce, kuma kofi ke faɗa. In ka ga kore, rana ce ta yi yawa."

Jummai ta yi gyaran murya.

"In ka bar shi awa ɗaya ya kwanta a gindin kofi, laka ce ko ƙurar yashi. Ita ba ta kashe kifi, da kanta take kwanciya. In kuwa ya ƙi kwanciya, ya tsaya fari kamar wannan, to wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, sun samu ruɓaɓɓen abinci sun hayayyafa."

"To ai kullum wanke shi nikai."

"Wankin ne ya ƙara. Ka taɓa ganin Bafillatana ta kafa nono ba ta zuba ɗan tsohon nono a ciki ba? Soson nan da kake cuɗawa da sabulu, a cikinsa masu cinye dattin suke zaune. Kullum sai ka kashe masu shara, ka bar masu zubar da shara."

Dokokinsa ba su da yawa, amma kowacce ta soki Sallau. Kwana uku ba abinci ko ƙwaya. Bayan nan sau ɗaya a rana, abin da za su cinye kafin a gama alwala. Ba sabulu, ba alif. Ruwa kashi ɗaya cikin huɗu za a canza, sau ɗaya a mako, a zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo. Soso in ya toshe, a cikin tsohon ruwan akwatin za a matse shi. Sauran magani, a ƙyale shi.

"In ƙyale shi? Ina kallo garin na nutse?"

"Baba, farin ruwa in ya zo da damina, wa ka taɓa gani ya fita da soso zai wanke Kwara?"

Sallau ya ce, "Jira akai."

"To jira za ka yi. Baƙin ruwa na tafe."

Ni aka naɗa dogariya. Na zauna bakin ƙofa da maficina, duk wanda ya kai hannu bakin zani ko aljihu in sauke masa a yatsu. Christiana ta ce ni ba ni da imani. Na ce babanki ƙosai ya kashe shi a karo na biyu, ki bar na wasu su yi kwana. Sallau kuwa waɗannan kwana ukun na azumin kifi, shi ma kusan azumin ya yi, yana ba Kawu Gambo haƙuri ta jikin gilashi.

Kwana goma sha biyu, ruwa ya washe. Garau, kamar babu shi. Kana iya ƙirga ƙwayar yashi. Gideon ya zo ya tsaya yana murmushi kamar shi ya haifi ruwan. Muka ce Sallau, ga garinka.

Ya matso, ya kanne ido, ya ja da baya.

"Da saura."

"Saura mi?" in ji Jummai.

"Har yanzu da fari-fari. Malamin Kifi, aikinka bai nuna ba."

Gideon ya rantse da abin da ya sani. Sallau ya ce shi dai dutsen Inna dishi-dishi yake ganinsa. Mako guda ana wannan ja-in-ja, har na kama shi ya ɓoye sabulu a ƙarƙashin tabarma zai koma gidan jiya. A nan wani abu ya faɗo mini. Na tuna kwanan baya ya miƙa wa buta hannu yana zaton kyanwa ce. Na tuna ya gaida ni da sunan Jummai, abin da ko a mafarki ba mu yi kama ba, ni na fi ta kyau.

Na sayi ruwan leda, na juye a kofin gilashin nan a ɓoye, na ɗora a farar takarda kamar yadda Gideon ya yi. Na ce, "Ga na akwatinka na ɗebo. Duba mini, wace cuta ce cikin ukun?"

Ya ɗaga kofin, ya juya shi. "Kin gani ko? Fari. Ya ƙi kwanciya."

Na ce, "Juyo nan wajen haske, ɗan kawu."

Na buɗe idon da yatsa. Ƙwayar ta yi fari-fari kamar idon dafaffen kifi. Dama da hagu duka, na dama ya fi.

"Cuta ta huɗu ce, wadda Malamin Kifi bai karanta ba. Ruwa lafiyarsa lau. Yanar ido ce da kai."

Da aka ce aiki za a yi masa, sai ya tubure. Shi ba mai kai masa wuƙa ido, garin neman gira a rasa ido. Yasira ta yi waya ta yi magiya, ta ce aikin minti kaɗan ne, ya ce Uwata ki yi haƙuri. Liman ya yi magana, Gideon ya yi. Ni ban roƙe shi ba, ban iya ba. Na ce masa, "Ƙyale su. Zauna da yanarka. Dama ni na san ƙarya kake, ba ɗakin Inna kake son gani ba, son a ce kana nema kake. Shekara hamsin kana leƙe, yau an kawo maka shi har gaban tabarma, ka ce tsoro."

Ya zage ni, zagi mai kyau, irin wanda rabona da ji tun yana da jirgi. Ranar Laraba Yasira ta zo ta tafi da shi asibiti.

Ranar da za a cire masa bandeji a gida, Gideon tun da hantsi yake goge gilashi da tsumma. Muka taru a ɗakin. Yasira ta ɗaye auduga a hankali. Ya ƙifta, ya ƙifta, idonsa ya sauka a kaina.

"La ilaha illallahu. Asibi, haka kika lalace?"

"Kai ma sai an ba ka madubi."

Aka yi dariya, aka juya shi wajen akwatin. Ruwa kamar hawaye. Ga saiwa, ga duwatsu, ga Kawu Gambo yana wucewa a rigingine, ga ɗan dutsen niƙa har santsin da hannun Inna ya bari ana gani. Muka zuba masa ido muna jiran abin da zai ce.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Madalla. An gode." Ya nemi a ba shi ruwan alwala.

Shi ke nan. Kwana huɗu yana ba kifi abinci a kan ƙa'ida, sau ɗaya, ya juya ya fita zaure. Tabarmar da ke gaban akwatin ya naɗe ta. Tuwo ya koma taɓawa. Jummai ta same ni a gida ta ce, "Yaya Asibi, mun gyara ruwa, mun gyara ido, mutum kuma ya koma jiya. Mi munka yi ba daidai ba?"

A rana ta biyar, bayan la'asar, na leƙa ɗakin. Na tarar ya shimfiɗa tabarmar. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa, hannunsa cikin ruwa, yana motsa yashin gindin saiwar da ɗan yatsa, a hankali. Ƙura ta tashi, ta bazu, ta lulluɓe duwatsun. Ya zare hannu, ya tokare haɓa da bakin akwatin, daidai yadda yake yi a bakin jirgi, yana kallon ƙasa ta sama. Leɓensa na motsi.

Sai ga Gideon ya shigo bayana da tiyonsa na canjin ruwa, ya daka tsawa.

"Baba Sallau! Me nake gani haka? Wata guda ina fama da ruwan nan! Na hana fura, na hana sabulu, na yi faɗa da tsofaffin gari saboda kai. Likita ya gyara maka ido. Yanzu kai da hannunka kake dama shi?"

Jummai ta taso daga madafa da muciya a hannu. "Malam, don Allah mi kake so? Ya yi fari ka hana mu barci, ya washe ka ƙi kallo."

Ni ma na sa baki, don ba a faɗa a bar ni a baya. Na ce a mayar da shi asibiti, wannan karon kan za a buɗe.

Sallau bai ɗago ba. Ya bari muka gama tas, har Gideon ya fara maimaita kansa. Sannan ya ɗaga hannu ɗaya, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannun, idonsa na ƙasa.

"Malamin Kifi, kai da bakinka ka ce laka ba ta kashe kifi, da kanta taka kwanciya. Da kunka washe shi, mi na gani? Duwatsu bakwai da ruɓaɓɓar saiwa. Ni shekara hamsin ina leƙen garinmu, ban taɓa ganin shi cikin ruwa mai haske ba. Ku yi min shiru kafin ta kwanta, ga Inna can bakin ƙofa."